Yadda Nake Auna Tamojin Fuska Kafin Gyara da Bayansa

Wata Hajiya da ke zuwa wurina dilka duk wata ta shigo ɗakina bayan Azahar, ta cire niƙabi, ta ajiye min wani ɗan kwalabar man rage tamoji a kan tabarma. Riyal 380 ta saye shi, kuma wannan ne na uku. Ta ce, "Yaya, don Allah ki dube ni da kyau, ya yi aiki ko bai yi ba?" Na dube ta, na sake dubawa, na rasa abin cewa. Fuskar da na sani ce shekara da shekaru, amma da za a ba ni Alƙur'ani ba zan iya rantsewa cewa layin goshinta ya ragu ko ya ƙaru ba. Abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki, domin mace ce mai neman na kanta, tana sayar da abaya da turare ga alhazai, kuma na san yadda take wahala kafin ta haɗa wannan kuɗi.

Shekarata goma sha tara ina gyaran jiki a nan Makka, wajen Shara Mansur: dilka, halawa, lalle, turaren tsuguno. Ba na yin allura, ba na taɓa leza, wato na'urar gyaran fata da haske, wannan aikin likita ne. Amma matan da ke zuwa wurina suna zuwa asibitocin fata na Jidda, suna sayen mayuka a saidaliyya, wato kantin magani, kuma ni suke tambaya. Ƙanwata tana aikin jinya a wani asibitin fata a Jidda, ita ta zaunar da ni ta nuna min cewa likitoci ba da ido kawai suke yanke hukunci ba, suna da ma'auni. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A kan buhun shinkafa haka ne. A kan fuskar da kike gani a madubi kullum safe da yamma, ido yakan saba, sannan zuciya ta nuna masa abin da take so ya gani, balle in kin kashe kuɗi.

Abu na farko, ki san irin tamojin da ke fuskarki, don ba iri ɗaya ba ne. Akwai na motsi, wanda ba ya fitowa sai kin ɗage gira, ko kin haɗe rai, ko kin yi dariya. Akwai na zaune, wanda yake nan ko kina barci. Akwai kuma ƙananan layuka kamar na takardar da aka cukuikuye, waɗanda bushewar fata ke kawowa. Wani likitan fata ɗan Amurka, Richard Glogau, ya raba tsufan fuska gida huɗu a shekarun 1990: babu tamoji, tamoji sai an motsa, tamoji ko ba a motsa ba, sai kuma fuskar da duk tamoji ce. Rabon yana da amfani, amma shekarun da ya jingina wa kowane mataki na fatar Turawa ne. Mu baƙar fata tamoji yakan makara a kanmu da kusan shekara goma. Abin da ke fara bayyana a fuskarmu shi ne duhun kumatu da gefen ido, da zubewar naman kunci, sai layin nan da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki ya yi zurfi. Saboda haka kada ki ɗauki hoton wata Baturiya a jikin kwali ki ce da shi za ki gwada kanki.

Yanzu ga aikin. Ranar da za ki yi awon farko ita ce ranar da ba ki fara komai ba tukuna. In kin riga kin fara shafa mai sati uku sannan kika tuna, to kin rasa mafari, sai dai ki ɗauki yau a matsayin ranar farko ki rubuta gaskiyar hakan.

Ki wanke fuska da abin da kika saba, ki tsane da tawul a hankali, ki zauna rabin awa ba ki shafa komai ba. Ba hoda, ba kwalli, ba man leɓe. Rabin awar nan tana da muhimmanci, domin fatar da ta jiƙe takan ɗan kumbura, ƙananan layuka su ɓuya. Kada kuma ki auna da kin tashi daga barci: fuska a kumbure take, ga shatin matashi a kunci. Ni ƙarfe goma na safe nake yi, kuma duk awon da zai biyo baya ƙarfe goma nake maimaita shi. Ki ɗaure gashi baya, ki janye ɗankwali ya bar goshi a fili, amma kada ki ɗaure shi tamau. Ɗaurin da ya matse yakan ja fatar goshi sama, ya shafe layi ɗaya ko biyu. Wannan da idona na gani a fuskar wata amarya, muka kwance ɗaurin layukan suka dawo.

Haske shi ne uwa uba. Mafi yawan hotunan "kafin" da "bayan" da kike gani a Snapchat da Instagram wasan haske ne. Fitilar da ke saman kai tana jefa inuwa cikin kowane kwarmi, mace 'yar talatin ta koma kamar 'yar hamsin. Hasken da ya daki fuska ta gaba kuwa yakan cike kwarmin, fuska ta yi sumul. Ni ma na taɓa faɗawa wannan ramin. Na sayi wani mai a hannun wata mai kawo kaya, na ɗauki hoton farko da daddare a ƙarƙashin fitilar silin, na biyu kuma da hantsi a bakin taga. Na ga bambanci har na yaba wa mata huɗu shi, suka saya. Da ƙanwata ta sa na sake ɗauka a ƙarƙashin fitilar farko, babu abin da ya canza. Na bi matan ɗaya bayan ɗaya na ba su haƙuri, kuma har yau in na tuna ba na jin daɗi.

Don haka ki zaɓi wuri ɗaya ki riƙe shi. Nawa wurin bango ne fari da ke fuskantar taga, inda rana ba ta shigowa kai tsaye. Na manna salatif a ƙasa inda ƙafafun kujera ke tsayawa, na manna wani inda mai ɗauka take tsayawa, tsakaninsu mita ɗaya. A kashe fitilun ɗaki. A yi amfani da kyamarar bayan waya, ba ta gaba ba, domin ta gaba a wayoyi da yawa tana gyara fata da kanta ko ba ki ce ta yi ba. A shiga saitin a kashe duk wani abin ƙawata fuska, a kashe filasha, a goge gilashin kyamara da gefen mayafi. Wayar ta tsaya daidai tsayin idonki. In an matso da ita kusa sosai hanci zai yi girma, kumatu su ja baya, gara a tsaya nesa a jawo hoton ninki biyu. Waya ɗaya za a riƙa amfani da ita har ƙarshe.

Hotuna shida nake ɗauka. Uku fuska a sake: ta gaba, sai rabin juyawa dama, sai rabin juyawa hagu. Sakin fuska ya fi wuya fiye da yadda ake zato, mace da ta ga kyamara sai ta ɗan ɗage gira ba ta sani ba. Nakan ce ta rufe ido, ta sauke numfashi, ta bar haƙora su rabu kaɗan leɓe a rufe, sannan ta buɗe ido. Sauran ukun na motsi ne: ta ɗage gira iya ƙarfinta, ta haɗe gira kamar an ɓata mata rai, ta yi murmushi har haƙora su fito. Iya ƙarfi nake cewa, domin rabin murmushi ba ya maimaituwa daidai.

Maganar hoto a garin nan ba ƙarama ba ce. Mace mai niƙabi ba za ta so fuskarta ta kwana a wayar wata ba, kuma tana da gaskiya. Da wayarta nake ɗauka, ta ajiye a ɓoyayyen fayil mai lambar sirri, ni lambobi kawai nake rubutawa a littafina. In asibiti za su ɗauke ki, ki tambaya ina hoton zai zauna, ki kuma karanta takardar da za ki sa wa hannu, ko akwai izinin sa shi a talla.

Sai ba da maki. Ba a ba fuska gaba ɗaya maki ɗaya, yanki-yanki ake bi: goshi, tsakanin gira, gefen ido, ƙarƙashin ido, layin hanci zuwa baki, da layin gefen baki zuwa haɓa. Dama daban, hagu daban, domin ɓangaren da kike kwanciya a kai ko wanda rana ta fi duka yakan fi zurfi. Ma'aunin da na fi jin daɗinsa shi ne wanda likitan fiɗa Gottfried Lemperle da abokan aikinsa suka fitar a 2001, daga 0 zuwa 5. Sifili, babu layi. Ɗaya, sai kin ƙura ido za ki gan shi. Biyu, ana ganinsa amma bai yi zurfi ba. Uku, matsakaicin zurfi. Huɗu, mai zurfi, bakinsa a fili kamar an zana. Biyar, mai zurfi ƙwarai har fata ta ninku ta rufa a kansa. Inda ake rikicewa shi ne tsakanin biyu da uku, da tsakanin uku da huɗu. Dabarata ita ce in duba inuwa: in layi yana riƙe inuwa a cikinsa ko a hasken taga, ya kai uku. In ina iya bin gefensa biyu da ido kamar bakin kwata, ya kai huɗu. In na yi shakka, ƙaramar lambar nake rubutawa a awon farko, babbar kuma a awon baya, don kada in yi wa magani alfarma.

Likitoci suna da wasu ma'aunan. Na layin hanci zuwa baki akwai wanda aka wallafa a 2004, daga 1 zuwa 5, da shi ake gwada allurar cike fata. Masu gwajin Botox, allurar da ke kwantar da motsin fuska, su kuma sukan yi amfani da mai mataki huɗu, daga 0 zuwa 3: babu, kaɗan, matsakaici, mai tsanani. Manyan asibitoci suna da na'ura irin VISIA da ake sa haɓa a ciki ta ɗauki hoto da haske iri ɗaya kullum. Duk abin da take yi shi ne abin da salatif ɗina da tagata suke ƙoƙarin yi, sai dai ita ta fi ƙwarewa. In likitarki ta ce kina mataki na uku, ki tambaye ta a wane ma'auni, domin uku cikin uku daban, uku cikin biyar daban.

Akwai gwajin yatsa da nake so ƙwarai, don yana faɗa miki inda kuɗinki ya kamata ya tafi. Ki sa babban yatsa da manuni a gefe biyu na layin, ki buɗa fatar a hankali. In layin ya ɓace ɗungurungum, bai kafu ba tukuna. In ya bar siririn zane ko an ja, ya riga ya zauna a cikin fata, kuma babu man shafawa da zai share shi tas, ko nawa ne kuɗinsa. Ki rubuta "ya ɓace" ko "ya saura" kusa da makin. Masu zanen gado, bille ko 'yan baka, su lura kada su ƙirga zane cikin tamoji. Amma zanen yana da amfaninsa: alama ce da ba ta gushewa, nakan auna da rula in rubuta cewa layin gefen ido ya tsaya milimita kaza kafin ya kai zanen. Tabon sujada ma ba ya cikin lissafi.

A littafi ki rubuta kwanan wata na Hijira da na Miladiyya, da nauyin jikinki, da awa nawa kika yi barci, da ko kina cikin al'ada. Nauyi musamman: mace ta rage kilo biyar, layin hanci zuwa baki zai ƙara zurfi, ta ɗora wa mai laifin da ba nasa ba. Kada ki yi awo a goman ƙarshe na Ramadan, ko a satin da aka sauko daga Mina. Ga ƙishirwa, ga rashin barci, ga rana, kowace fuska a Makka a yamushe take a lokacin. Haka wadda ta kwana a gaban mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ƙananan layukan ƙarƙashin idonta za su ninku. Na kuma lura wadda ta yi mako a Jidda, inda iska ke da laima, fatarta takan fi laushi fiye da in tana nan, don haka a gari ɗaya za a riƙa awon.

Yaushe za a sake aunawa? Ya danganta da abin da aka yi, kuma a nan ne gaggawa ke cutar mata. Man da ke sa laushi kawai yana nuna aikinsa cikin kwanaki, a kan ƙananan layukan bushewa, kuma da kin daina su dawo. Wannan ba laifi ba ne, amma ki san abin da kika saya. Man tretinoin, wanda likita ke rubutawa, da ƙanensa retinol, ba a yi musu hukunci kafin sati 12, hukunci na gaskiya ma sai sati 24. A makonnin farko fata takan bushe ta yi saɓa, layuka su fi fitowa, mata da yawa a nan suke jefar da shi. Mai ciki da mai neman ciki ba sa shafa shi. Botox, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don layin tsakanin gira a 2002, yana fara aiki cikin 'yan kwanaki, ya cika a sati biyu, ya saki bayan wata uku zuwa huɗu. Jijiyar motsi yake kwantarwa, saboda haka a hotunan motsi ake neman aikinsa, ba a na sakin fuska ba. Allurar cike fata kuwa a bar kumburi ya sauka, sati biyu zuwa huɗu, domin hoton da ake ɗauka a kan kujerar asibiti rabinsa kumburi ne. Leza da ɓare fata da sinadari, wata uku zuwa sama.

Abu ɗaya za ki canza a lokaci guda. In kin fara mai, kin fara shan kolajin, kin yi allura duk a wata ɗaya, ko an samu sauyi ba ki san wa za ki gode wa ba, sai ki ci gaba da biyan uku. Abin da kawai nake cewa a haɗa da kowane gyara shi ne man kariya daga rana, mai lamba 30 ko sama. Niƙabi ba ya rufe gefen ido, kuma duk wadda ta yi ɗawafi da hantsi ta san yadda farin dutsen Harami ke mayar da haske cikin ido har sai an runtse. Wannan runtsewar ce ke haƙa layin gefen ido da na tsakanin gira. Tabarau mai duhu yana rage ta.

Ranar hukunci kada ki zama alƙalin kanki. Ki ba 'yar uwarki ko ƙawar da ba ta jin kunyarki hotuna biyu, na farko da na yanzu, a gauraye, babu kwanan wata, ba ta san wanne ne wanne ba. Ta ba kowanne maki, yanki-yanki. In mutum biyu suka yi, ya fi. Haka masu bincike suke yi, mai ba da maki ba ya sanin wanne ne kafin magani. In ta kasa bambance su, ki karɓi amsar. In maki ya sauka da mataki ɗaya cikakke, daga uku zuwa biyu, wannan nasara ce ta gaske, kada ki raina ta. Mataki biyu daga man shafawa kaɗai abu ne da ni ban taɓa gani a littafina ba.

Akwai layi ɗaya da na ƙara a littafin wanda ba ya cikin ma'aunin Turawa, shi ne launi. Fatarmu tana saurin yin baƙin tabo bayan ƙuna ko kumburi, kuma leza ko sinadarin da bai dace da ita ba yana iya rage tamoji mataki ɗaya ya bar tabon da zai shekara. Wannan a wurina asara ce, ko da lambar ta sauka. Kafin a sa miki na'ura ki tambayi likita ko ta saba aiki a kan fata mataki na biyar da na shida a ma'aunin launin fata na Fitzpatrick, wato irin tamu, ki kuma nemi a fara gwadawa a ɗan wuri kusa da kunne. Masu shafa haɗin bilicin kuma, ina roƙonku. Yawancin haɗin nan da ake sayarwa a roba babu suna akwai sinadarin kotizon mai ƙarfi a ciki, wani da haidurokwinon, wani har da zaiba. Watannin farko fuska takan yi santsi, awo ya nuna kamar an ci riba. Daga baya fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, kumatu su ƙone su yi baƙi, tamoji ya zo da wuri. In kin daɗe kina shafawa kada ki yanke rana ɗaya, ki je wurin likitan fata ya janye ki a hankali.

Allura kuma a asibiti mai lasisi, a hannun likita mai rajista da hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, ki ga kwalin da idonki kafin a buɗe. Ba a ɗakin kowa ba, ba a wurin gyaran gashi ba, komai arha. In bayan allurar cike fata kika ji zafi mai tsanani, ko wurin ya canza launi ya yi fari ko shuɗi-shuɗi, ko ganinki ya dushe, wannan ba lokacin ɗaukar hoto ba ne, asibiti za ki nufa a take. Don neman shawarar likita ta waya akwai lambar ma'aikatar lafiya, 937.

Hajiyar nan mai kwalaba uku mun yi mata awon farko a watan Safar, bayan alhazai sun watse jiki ya dawo daidai. Goshi biyu a sake, huɗu in ta ɗage gira. Gefen ido biyu dama, uku hagu. Layin hanci zuwa baki uku, kuma ya saura ko an ja. Ta ci gaba da shafa man nata shi kaɗai har sati 12, muka sake ɗauka a kujera ɗaya, ƙarfe goma. Ɗiyarta da maƙwabciyarta suka ba da maki ba su san tsarin hotunan ba. Ƙarƙashin ido ya sauka daga biyu zuwa ɗaya, sauran duk suna inda suke. Ta koma wani man laushi na riyal 45 da man kariya daga rana, ta ɗauki littafin ta kai wa likitar fata a Jidda don su yi maganar goshin. Awonta na gaba yana watan Rajab, na riga na rubuta ranar a bangon littafi.